Tafinta a Akwatin Gilashi

Aikina ke nan: akwatin gilashi a bayan zaure,
abin ji a kunne, ruwan gora a gefe.
Abin da aka faɗa in ɗauka da zafinsa
in miƙa wa na gaba kafin ya huce.

Ranar Talata, a wani otal a Maitama,
tutoci sun jeru kamar shanyar gidan biki.
An zo daga ƙasashe ashirin da ɗoriya
a yi maganar tsiraru,
kalmar da nake juyawa sau ɗari a yini
ban taɓa ɗanɗana ta ba,
ni da harshena ke cin kasuwa daga Wuse har Agadas.

Sai aka kira Iya Shekwonya.
Ta shigo da ƙunshinta a kafaɗa,
don matan Gbagyi ba sa ɗora wa kai kaya,
kai ya riga ya ɗauki nasa.
Ta yi gaisuwa da harshen uwarta.
Akwati shida, tafinta goma sha biyu,
muka dubi juna ta gilashi. Tsit.
Ta jira. Ta murmusa. Ta koma Hausa
kamar mai aron takalmin maƙwabciya ta je unguwa.

Ta ce, "Inda kuka jera motocinku
nan ubana ke tara kunyar doya.
Can inda famfo ke yi wa ciyawa wanka
shi ma can muka kwantar da shi.
Ban zo in ce ku tashi ba.
Na zo a rubuta cewa da mutane a nan."

Na laluba Turancina, na sami kalmar fili,
irin wanda ake yankawa a sayar da hatimi.
Nata ba shi ba ne.
Na faɗa dai, maƙogwaro na kama ni.

Wata mata daga ƙasar ƙanƙara,
inda rana kan yi makonni ba ta faɗi ba,
ta cire abin jin ta ajiye.
Ta ce su ma shinge ya datse musu burtali,
sun yi shekara tara a kotu, sun ci,
ga takardun, ga lambar lauyan.
Wani masunci daga Tafkin Chadi ya ce
a sa sunan tsibirinsa kusa da na ƙauyenta,
in an taɓa ɗaya, ɗayan ya yi kururuwa.

Mukan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.
To wanda ba yawa, ba ƙarfi fa?
Ashe sai ya leƙa bayan iyaka
ya iske wani kaɗan ɗin yana leƙo shi.

Daga azahar har magariba ana jan kalma biyu:
masu kwat suna son "ya kamata",
masu ƙunshi suna son "dole".
Shayi ya huce, na Faransanci ya dishe.
A sakin layi na bakwai kaɗai "dole" ta samu kujera.
Kaɗan ne. Amma da safe babu ita.

Na san takarda ba ta da ƙafa,
sai an saɓa ta, ofis bayan ofis.
Na ga wasu sun tsufa a durowa
da sa hannun manya goma a ƙasansu.

A bakin ƙofa na tare ta, tana jiran motar Kubwa.
Na ce, "Iya, gaisuwar nan ta farko,
wadda ta wuce mu duka,
maimaita mini."
Ta faɗa sau uku, tana gyara mini sauti
kamar mai gyara bakin tukunya tun tana ɗanya.

Ina ta nanata ta a cunkoson Nyanya.
Kafin Mararaba rabi ya zube.
Gobe taro ƙarfe tara.
Zan riga ta zuwa, in tsaya a ƙofa
da rabin da ya rage.